Cinikin Biri a Sama a Bordo

A watan Yunin 2023 na tura fam 11,220 na uwargijiyata zuwa asusun wani kamfanin dillancin giyar inabi a Landan, aka aiko mini da takarda guda mai layi biyu. Ko kwalba ɗaya ban gani ba. Abin da na saya yana kwance cikin ganguna a kudu maso yammacin Faransa, sai an yi kusan shekara biyu kafin a ɗura shi a kwalabe a turo. Faransawa na kiran wannan ciniki en primeur. Da kakata na raye, cinikin biri a sama za ta kira shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na san yawancin masu karanta Hausa ba ruwansu da giya, addini ya raba su da ita. Ni Kirista ne, haifaffen Wusasa, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani gidan abinci a yammacin Landan. Da wankin kofuna na fara, yau makullin ɗakin ajiyar giya a hannuna yake. Ni ke saye, ni ke lissafi, ni ake titsiyewa in kuɗi ya yi ɓatan dabo. Ba talla na zo yi ba. Labarin ciniki ne, kuma duk wanda ya taɓa ba da kuɗi kan kayan da bai gani ba zai gane ni.

Ga yadda abin yake tafiya. Ana girbe inabi a yankin Bordo wajen Satumba zuwa Oktoba, a matse, a zuba a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300 kowace. Watan Afrilu na zagayowa sai manyan gidajen gona, waɗanda suke kira shato, su gayyaci 'yan kasuwa da alƙalan ɗanɗano daga ko'ina a duniya su zo su kurɓi samfur. Alƙalan su ba da maki bisa ɗari. Daga nan zuwa ƙarshen Yuni gidajen su riƙa fitar da farashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana leƙen maƙwabcinsa. Shato ba ya sayar maka kai tsaye. Akwai dillalin da ke tsaye tsakaninsa da manyan 'yan kasuwar Bordo, la'adarsa kashi biyu cikin ɗari. Su kuma su sayar wa kamfanonin Landan da Hong Kong da New York, sannan abin ya iso kan irinmu. Kana amincewa za ka biya. Asalin yarjejeniyar mai sauƙi ce: mai gona ya sami kuɗi da wuri ya biya ma'aikata ya sayi sababbin ganguna, kai kuma da ka haƙura ka jira a yi maka rangwame.

Abin da ya tura ni ciki ya faru ne shekara uku kafin nan. A Yunin 2020 ana tsakiyar kullen korona, gidan abincinmu a rufe, kujeru a kife kan tebura. Lokacin ne aka fitar da farashin girbin 2019. Ba a yi taron Afrilu ba, ta masinja aka riƙa aika wa alƙalai samfur, kuma masu gonaki sun tsorata, suka karya farashi. Gidan gonar Pontet-Canet ne ya buɗe kasuwa da ragin kusan kashi 30 cikin ɗari, manya da yawa suka bi sahu. Dillalinmu ya kira ni har sau uku. Na je wa Madam, uwargijiyar tawa mai gidan abincin, da maganar, ta dube ni ta ce, "Ban san ko zan iya biyan hayar watan gobe ba, kana mini zancen giyar 2030?" Gaskiyarta. Muka bar shi ya wuce. Cikin shekara biyu na zauna ina kallon farashin waɗannan akwatuna yana hawa, duk sanda na buɗe shafin Liv-ex, wato kasuwar da 'yan harkar ke duba farashi a Landan, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Da wannan ciwon na hau jirgi zuwa Bordo a ƙarshen Afrilun 2023, ban ma san ina ɗauke da shi ba.

Shekarar 2022 ta zo wa Bordo da zafi da fari irin wanda tsofaffinsu suka jima ba su gani ba. A watan Yuli gobara ta ci dazuzzukan Landiras da La Teste-de-Buch, a kudancin birnin. Har sai da hukuma ta ba wasu yankuna, cikinsu da Pomerol, izinin ban ruwa, abin da dokar gonakinsu ta hana a shekarun da aka saba. 'Ya'yan inabin suka fito ƙanana, masu kaurin fata, ruwa kaɗan. Kowa ya zaci giyar za ta fito da nauyi kamar an dafa ta. Sai ta ba da mamaki, ta fito da ƙarfi amma da sanyin baki. Tun a filin jirgi na fara jin ana raɗa cewa an yi shekarar da ba a taɓa yi ba.

Kwana uku muka yi muna bin hanyar da ta miƙe arewa daga birnin, ta ratsa garuruwan Margaux da Saint-Julien da Pauillac, kogin Gironde na hannun dama. Ƙasar duk tsakuwa ce, wadda manomin masara zai gani ya yi tsaki. A rana mukan kurɓi samfur hamsin zuwa sittin. Ba a haɗiyewa: ka kurɓa, ka juya a baki, ka tofar a bokiti, ka rubuta. Kafin azahar haƙora sun yi baƙi, harshe ya yi kanta, dasashi na zafi kamar ka wuni kana cin ɗanyen goro, don giyar da ba ta wuce wata shida ba bauri ne ya fi yawa a cikinta. A haka ake so ka hango abin da za ta zama nan da shekara goma sha biyar.

A wani gida a Saint-Julien, wanda ba zan kama sunansa ba, aka shigar da mu ɗaki mai farin fenti, tebur ɗaya, kofuna a jere. Wata matashiya ta zuba mana daga ƙaramar kwalba marar tambari, sai farar takarda da aka manna aka rubuta kwanan wata da biro. Na kurɓa. Ba zan yi ƙarya ba, a shekaruna na wannan aiki ban taɓa sa sabuwar giya a baki ta yi mini haka ba. Baurin yana nan amma lallausa, ƙamshin kuma ya ƙi barin hanci har muka fito tsakar gida. Na ja layi uku a ƙarƙashin sunan gidan a littafina.

Da za mu tafi na tsaya da dattijon da ke kula da ganguna, hannuwansa duk sun rine. Da guntun Faransancina na tambaye shi ko abin da muka kurɓa shi ne zai shiga kwalba. Ya yi murmushi, ya nuna ɗakin da hannu, ganguna ɗari-ɗari a jere har bango. Ya ce daga kaɗan cikinsu aka haɗa samfurin wannan makon, sauran kuma suna da fiye da shekara a gaba, za a yi ta juye su ana tacewa. Bai ce an yi maguɗi ba, ni ma ban ce ba. Amma wa zai kai 'yarsa gaban masu neman aure da tsumman girki? Shi ya sa alƙalai ba sa ba da maki ɗaya tak a wannan mataki, sai su rubuta 95 zuwa 97, su bar wa kansu ƙofar fita.

Madam ta ware mini fam 30,000. Farashi ya fara fitowa a Mayu, kusan kowane gida ya ɗora kan na bara, wasu kashi 15, wasu 20, wasu ma fiye. Lafite Rothschild, ɗaya daga cikin gidaje biyar da ke saman jerin darajar da aka fara tsarawa a 1855, ya fito a yuro 580 kwalba ɗaya a hannun 'yan kasuwar Bordo. Wannan ba layinmu ba ne, baƙinmu ba sa shan irinta. Nawa gidan na Saint-Julien ya fito wata safiyar Talata: fam 960 akwati mai kwalba 12, ban da haraji.

Daren nan bayan an rufe, na zauna a teburin kicin da takarda na yi abin da ya kamata a ce shi kaɗai na yi tun farko. Na nemo farashin giyar wannan gida ta shekarun baya, wadda tuni tana kwalba, tana sito, gobe in na so a kawo mini. Ta 2019, mai maki kusan ɗaya da sabuwar, fam 720. Ta 2016, wadda kowa a harkar ya yarda babbar shekara ce, ta kuma riga ta yi shekaru tana nuna, fam 900. Na sake dubawa ko idona ne. Wato ana so in biya kuɗi mafi yawa kan wadda babu ita tukuna, in jira shekara biyu a kawo, in ƙara jiran wasu bakwai ko takwas kafin ta isa a ɗora a teburin baƙo. Ina rangwamen jiran? Ga shi a wannan Yunin Babban Bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Ko a banki Madam ta bar fam 9,600, za ta tashi da abin da ya haura fam 900 cikin shekara biyu ba ta ɗaga ko tsinke ba. Ban da kuɗin sito da inshora da za a fara caja da zarar kaya sun iso, wajen fam 15 kowane akwati a shekara.

Kuma ba yau farau ba. Duk wanda ya daɗe a harkar yana da labarin girbin 2009 da 2010. Lokacin attajiran Sin ne ke ta kwasa, har Lafite ya sa harafin Sinanci na lamba takwas a kwalbar 2008 don lambar sa'a ce a wurinsu. Aka fitar da shekaru biyun nan a farashin da ba a taɓa ji ba. Tsakiyar 2011 kasuwa ta juya, kuma da yawa cikin waɗanda suka sayi manyan giyar 2010 tun a ganga sun shafe fiye da shekara goma suna kallon ana sayar da ita ƙasa da yadda suka biya. Giyar ba ta da laifi, tana da kyau har gobe. A 2012 Latour, wani daga cikin manyan gidajen nan biyar, ya ce shi ya fita daga tsarin gaba ɗaya, zai riƙa ajiye kayansa sai sun isa sha ya fitar. Mutane kuma har yanzu labarin 1982 suke bayarwa, shekarar da alƙalin ɗanɗano Robert Parker ya yi suna don ya yabe ta tun tana ganga, waɗanda suka bi maganarsa suka sayi zinariya a kuɗin tagulla. An yi hakan kuwa. Sai dai wancan zamanin masu gona ba su da kwamfuta a gabansu mai nuna musu nawa ake sayar da kayansu a Landan kowace safiya. Yanzu suna da ita, ribar da mai saye ke ci a da sun riga sun sa ta cikin farashi.

Duk wannan na sani, a rubuce yake a gabana. Ranar Lahadi na kira kawuna, wanda ya shekara talatin yana harkar hatsi a kasuwar Giwa. Ban ce masa giya ba ce, don dattijon coci ne mai tsauri, na dai ce wani kaya ne na gona. Ya saurara har na gama.

"To ɗan nan, tsaya in gane. Ta bara tana nan a rumbu?"

"Tana nan, Kawu."

"Mai kyau ce?"

"Kusan ɗaya suke."

"Kuma ta fi araha?"

"Ta fi."

Ya yi shiru, ina jin kukan akuya a bayansa. "Ga masara a buhu an ɗinke baki, kai kuma ka ce sai wadda ba ta yi goyo ba, har da ƙarin kuɗi. Turai ce ta koya maka haka, ko da abinka ka tafi?"

Na yi dariya, na ce zan duba. Washegari dillalinmu ya kira. Mutum ne mai daɗin baki, ba kuma maƙaryaci ba, aikinsa yake yi. Ya ce akwati goma ya riƙe mini zuwa ƙarfe biyar, girbin ya yi ƙaranci, an rage wa kowa kasonsa. Sannan ya kawo maganar da ta fi kowace kama ni: wanda ya ɗauka bana shi ake tunawa da shi baɗi, wanda ya ƙi, sunansa ya koma ƙasan layi. Haka tsarin yake tun daga sama, su ma 'yan kasuwar Bordo da wannan igiya masu gona ke riƙe da su. Daga ƙarshe, kamar wasa, ya ce, "Ka tuna 2019."

Ƙarfe huɗu da rabi na ce a rubuta mini goman. Na ƙara da ƙananan akwatuna uku masu kwalba shida-shida daga wata 'yar gona a Pomerol, fam 540 kowane. Na ce wa kaina na yi tsakaici, tunda ko rabin kuɗin da aka ba ni ban kashe ba. Gaskiyar magana ita ce takardar lissafina cewa ta yi kada in saya, bakina da tsohon ciwona suka ce in saya, biyu suka rinjayi ɗaya.

Abu guda na yi daidai. Kafin kuɗi su fita na zauna na karanta bayanan kuɗin kamfanin dillalin a rajistar kamfanoni ta gwamnati, wadda kowa na iya dubawa kyauta, na kuma sa aka rubuta cewa da kaya sun iso za a ajiye su da sunan gidan abincinmu a kan kowane akwati. A wannan ciniki tsawon shekara biyu ba ka da giya, bashi kake bi. A Janairun 2016 wani shago mai suna Premier Cru a Berkeley ta jihar Kalifoniya ya durƙushe da kuɗin dubban mutane. Aka gano mai shi yana sayar da giyar da bai taɓa saya ba, yana biyan na farko da kuɗin na baya, ya ƙare a gidan yari. Namu kamfanin lafiyarsa ƙalau, kaya sun iso cif.

Farashi ne bai jira ni ba. Ashe tun ƙarshen 2022 kasuwar manyan giya ta fara gangara, ta kuma ci gaba. A bazarar 2024 aka fitar da girbin 2023, Lafite ya sauko daga yuro 580 zuwa 396. Shekara ta zagayo, na 2024 ya fito a 288. In babban gida ya sauko haka, na ƙasa da shi ba su da wurin tsayawa. A ƙauyukan yankin ma, nesa da manyan gidaje, gwamnati biyan ƙananan manoma take yi su tumɓuke kurangar inabinsu don babu masu saye.

Akwatunana goma sun iso sito a watan Mayun 2025, wani tsohon ramin haƙar dutse a ƙarƙashin ƙasa a Wiltshire, inda kaya ke zama ba a biya musu haraji ba sai ranar da aka fitar. Ranar na duba farashi: fam 740. Duk wanda bai je Bordo ba, bai baƙanta haƙoransa ba, bai ba kowa kuɗinsa na shekara biyu ba, yana iya ɗaga waya ya sayi abin da na saya da ragin fam 220 a kowane akwati. Na haɗa da ruwan da kuɗin za su haifa a banki, hasarar ta haura fam 3,000.

Na kai wa Madam takardar da hannuna kafin akanta ya kai. Ta sa tabarau ta karanta, ta ce, "Giyar tana da kyau?" Na ce na sa an kawo kwalba ɗaya na buɗe, ta ma fi yadda na kurɓe ta a ganga. Ta ce, "To bakinka na aiki. Daga yau kafin ka saya ka kawo mini waccan takardar, wadda ka rubuta a kicin." Ashe mai dafa abinci ya ba ta labari tun a lokacin.

Ta Pomerol ce ta ɗan wanke mini fuska. Gonar ba ta fi 'yan kadada ba, abin da take fitarwa a shekara kaɗan ne, kuma na nema a kasuwa ban sami mai sayar da ko akwati ɗaya ba. Irin wannan, in kana sonta, dole ka saya tun a ganga, don bayan nan babu. Haka in kana son a ɗura maka a manyan kwalabe masu cin biyu, ko ƙanana masu cin rabi da baƙo ɗaya zai iya shanyewa, lokacin ne kawai za ka iya faɗa. Amma gidan da ke fitar da akwati dubu goma sha biyar ko ashirin duk shekara, zancen "za ta ƙare" ban ƙara yarda da shi ba. Barazanar kaso ma ta tashi a banza: shekara biyu ban ɗauki komai ba, ba wanda ya mayar da sunana ƙasan layi, sai ma kira da ya ƙaru.

Da dillalin ya kira a Mayun 2025 da farashin girbin 2024, yana cewa an yi ragin da ba a taɓa yi ba, na bar shi ya gama. Na ce, "Ta 2016 nawa take yau?" Ya ɗan yi jim, na ji ƙarar madannan kwamfuta. Ya faɗi kuɗin, ƙasa da yadda na gan ta a daren kicin. Na ce a kawo akwati shida. Ranar Alhamis mota ta sauke su a ƙofar baya, daren Asabar na sayar da kwalba huɗu.

Kawu kuwa na kira shi bayan Kirsimeti. Muryarsa ba daɗi. Ya tara masara da kaka yana jiran bazara kamar yadda ya saba shekara talatin, farashi ya ƙi tashi, ya ma faɗo, ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Na ce, "Kawu, ai taka a buhu take, an ɗinke baki." Ya ce in kiyaye shi, ya tambayi lafiyar yara. A Janairu takardar kuɗin sito ta iso, fam 150 na akwati goma, na sa hannu na miƙa wa akanta. A littafin ajiya, gefen sunansu, na rubuta 2032 da fensir.